Tambayoyinku: Hawan ruwan teku ne ke jawo mana ambaliya?

TAMBAYA: Muna jin ana cewa ruwan teku na ƙaruwa. Shin shi ya sa kogi ke cinye mana gonaki kusan kowace damina? Bara mun jera buhunan ƙasa a bakin unguwa, amma ruwa ya ture su cikin dare ɗaya. Ina kuskurenmu?
Daga wani manomin shinkafa, Auyo, Jihar Jigawa

AMSA: Malam, Allah ya mayar da alheri. Hawan teku gaskiya ne. Daga 1900 zuwa yau ya ƙaru da kimanin santimita 20, saboda ƙanƙara na narkewa, ruwa kuma yana kumbura in ya ɗumama. Masu ɗanɗana kuɗarsa su ne Legas da Bayelsa da garin Ayetoro na Jihar Ondo, inda igiyar ruwa ta cinye gidaje. A can, in teku ya cika sai ya tokare bakin kogi, ruwa ya rasa mafita.

Amma naku kogin ko hanyar teku bai sani ba. Kogin Haɗeja yana haɗuwa da na Jama'are a wajen Gashuwa, su zarce Tafkin Chadi. Matsalarku tana kusa da gida. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, waɗanda ke sako ruwa zuwa Kogin Haɗeja daga Jihar Kano, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa, kachala, doguwar ciyawar nan mai tsiro cikin ruwa, ta samu wurin zama. Tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, cikin kogi ya cike. In madatsun suka tumbatsa a Agusta da Satumba, ruwan da ya taho ba ya samun hanya, sai ya fantsama gonaki. Shi ya sa yanke kachala da yashe magudanai aikin rani ne, ba na bayan ruwa ya iso ba.

Batun buhuna kuwa, yawanci cika su ake yi maƙil a ɗaure baki, su zama kamar duwatsu, ruwa na bi ta tsakaninsu. A zuba rabi, iyaka kashi biyu cikin uku. Kada a ɗaure. A naɗe bakin a ƙarƙashi. A jera kamar tubali, kowane buhu ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasa, a tattake kowane layi kafin a ɗora wani. Faɗin gindin jinga ya ninka tsayinta sau uku: jinga mai tsayin mita ɗaya tana son gindi mita uku. Siririyar jinga ita ce ke kifewa. A shimfiɗa leda mai kauri ta ɓangaren ruwa, a danne ta sama da ƙasa.

In kun ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa ta bayan jinga, ƙasan yana zaizayewa ke nan. Kada a toshe ramin. A kewaye shi da buhuna har ruwan ya fara fitowa garau, a kuma kwashe yara da tsofaffi zuwa tudu.

Ku kafa sanda a bakin kogi, ku yi mata alama kowane taƙi ɗaya, a riƙa dubawa safe da yamma. Saurin hawan ruwan ya fi tsayinsa muhimmanci.