Amsa ga mai neman zagaya tsofaffin garuruwan bakin teku na Ingila a ƙarshen mako

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Barka da zuwan Hajiya, Allah ya sa ta zo lafiya, a gaishe min da ita. Na ga tambayarki cewa kuna Landan, ke da maigida da yara biyu da Hajiya da ta zo ganin jikoki, kuna son fita Asabar da safe ku dawo Lahadi da dare a ƙarshen watan Mayu, kuma kin jero Brighton, Hastings, Rye, Dover, Margate da Whitby, kina tambaya ta ina za a fara.

Fara da cire Whitby. Can arewa take a Yorkshire, idan kuka nufe ta wunin Asabar ɗin a hanya zai ƙare. Brighton ma ki ajiye ta, ba don ba ta da kyau ba, sai don awa ɗaya ce daga Landan a jirgin ƙasa, duk ranar da kuka ga dama kun je kun dawo. Ban da haka a ƙarshen mako cika take yi da matasa 'yan shaƙatawa, ba wurin da za a ja dattijuwa ana nuna mata tarihi ba ne. Saura huɗu, su ma sun yi yawa. A kwana biyu, da yara da tsohuwa, gari biyu ne za ku ji daɗinsu, na uku kuwa sai wanda ke kan hanyar komawa gida. Masu cusa garuruwa biyar a Asabar da Lahadi tashoshin jirgi kawai suke gani.

Da ni ce, Rye da Hastings zan ɗauka, in biya garin Battle a hanyar dawowa. Bari in gaya miki dalili.

Garuruwan nan na kudu maso gabas labarinsu ɗaya ne. A zamanin da sarakunan Ingila ba su da rundunar ruwa ta dindindin, sai suka yi yarjejeniya da garuruwa biyar na gaɓar teku: Hastings, New Romney, Hythe, Dover da Sandwich. Su za su riƙa ba sarki jirage 57 da matuƙansu na kwana 15 a shekara, shi kuma ya ɗauke musu wasu haraji, ya bar su da kotunansu. Ana kiransu Cinque Ports. Daga baya Rye da Winchelsea suka shiga. Da wannan gata suka yi arziki, har teku da kansa ya juya musu baya. Guguwar 1287 ta cinye tsohuwar Winchelsea gaba ɗaya, ta sauya wa kogi hanya, laka da tsakuwa suka yi ta toshe tasoshin jirage. Shi ya sa za ki je Rye, garin da a da jirage ke tsayawa a gindinsa, ki tarar teku ya yi nisan mil biyu. Kuma talaucin da ya biyo baya ne ya hana su rushe tsofaffin gidajen su gina sababbi, har ga shi yau mu ne muke biyan kuɗin jirgi mu je kallo.

Ku tashi daga tashar St Pancras ta Landan, ku hau jirgin nan mai gudu zuwa Ashford International, bai kai minti arba'in ba. A nan za ku sauya zuwa ƙaramin jirgi mai bi ta cikin fadama, minti ashirin da 'yan kai kun sauka Rye. Jirgin ba ya zuwa a kai a kai, galibi sau ɗaya ne a awa, don haka ku daidaita lokacinku da shi.

Rye ƙaramin gari ne a kan tudu, awa uku sun ishe ku. Ku shiga ta Landgate, ƙofar ganuwa da aka gina a 1329, ita kaɗai ta rage cikin ƙofofin garin. Faransawa sun ƙona garin a 1377, saboda haka yawancin tsofaffin gidajen da za ki gani bayan wannan gobara aka yi su. Titin da kowa ke ɗaukar hoto shi ne Mermaid Street, gidaje masu baƙaƙen katako da farin bango, sun karkace saboda tsufa, wasu ƙofofin sai ka sunkuya. A kansa ne masaukin Mermaid Inn yake, wanda aka sake ginawa a 1420, inda 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa zama a ƙarni na 18. To amma ki lura da ƙasan titin. Duwatsu ne dunƙule-dunƙule masu santsi aka jera, ga gangara. Keken yara ba ya tafiya a kai sai da kokawa, kuma takalmi mai tsini ko silifas wahala ne. Ki samo wa Hajiya takalmi sau-ciki mai roba, wani ya riƙe mata hannu, ku bi titin daga sama zuwa ƙasa. Hasumiyar cocin St Mary ana hawanta da 'yan kuɗi kaɗan, daga sama ana hango jajayen rufin gidaje da fadama har teku, amma matakalar matsattsiya ce, har da tsani. Maigida da babban yaron su hau, ku zauna a farfajiya ko ku gangara wajen Ypres Tower, tsohon ginin tsaro na ƙarni na 13 da ya daɗe yana zaman kurkuku, akwai bencina a gefensa da tsofaffin igwa da yara ke son hawa.

Idan yara sun matsa sai sun taka yashi, Camber Sands na kusa, bas na zuwa daga tashar Rye. Yashi ne mai laushi da tuddai, abin da ba a cika samu a wannan yanki ba. Sai dai wurin na da hatsari. Teku na janyewa nesa, mutum ya yi ta tafiya a kan yashi, ruwa ya zagayo ta bayansa ya cika kwari kafin ya ankara. A bazarar 2016 mutum bakwai suka nutse a nan. Ku tsaya tsakanin tutoci masu ja da rawaya inda masu ceto suke, ku duba lokacin cikar teku a waya. Ni dai da Hajiya a tafiyar, tsallake shi zan yi.

Daga Rye zuwa Hastings wajen minti ashirin ne a wannan layin. Kada tashar ta sa ki yanke wa garin hukunci, domin tsakiyarsa ba ta da wani abin kallo, kuma za ki ga alamun talauci a wasu unguwanni, kamar yawancin garuruwan bakin teku da 'yan hutu suka guda tun da jirgin sama zuwa Sifen ya yi araha. Ku miƙa gabas ta bakin teku zuwa tsohon gari. A nan ne abin da ya fi burge ni a duk gaɓar yake, wurin masunta da ake kira Stade. Hastings ba ta da cikakkiyar tashar jirage, saboda haka masunta kan tsakuwa suke ajiye jiragensu. Da katafila ake tura jirgi cikin ruwa, idan ya dawo a jawo shi da igiyar ƙarfe. Ki tsaya ki kalla, ga taru a zube, ga warin kifi da dizal, ga ƙananan rumfuna da allo an rubuta kamun ranar da alli. A bayansu kuma dogayen ɗakuna ne na katako, baƙaƙe wuluk da kwalta, siririya sai tsayi, hawa biyu ko uku, ba taga sai ƙofofi a jere sama da sama. Na ajiyar taru ne. Fili ya yi ƙaranci tsakanin dutse da teku, sai suka yi gini sama. Akwai ɗan gidan tarihin masunta a cikin wani tsohon coci, da jirgin kamun kifi sukutum a ciki, yara na hawa.

Garin na tsakanin tsaunuka biyu, kuma kowanne akwai ɗan jirgi mai igiya da ke hawa da mutane. Na yamma an buɗe shi a 1891, yana bi ta cikin dutse ya fito kusa da kangon fadar da Normawa, mutanen Normandi ta arewacin Faransa, suka gina. Na gabas na 1902 ne, ya fi tsayuwa, har cikin mutum ya ɗan juya. Wannan ne zai hutar da gwiwar Hajiya, ta ga gari da teku daga sama ba tare da ta taka matakala ba. Amma ku duba kafin ku je, wani lokaci ana rufe ɗaya don gyara.

Ku kwana Hastings ko St Leonards da ke manne da ita, sun fi Rye sauƙin kuɗi, kuma akwai masallaci a St Leonards. Ki kama ɗaki tun yanzu, domin Litinin ta ƙarshen Mayu ranar hutu ce, makon kuma yara na hutun tsakiyar zango, farashi na tashi. Ki tambaya ko akwai ɗaki a ƙasa, don tsofaffin gidajen baƙi ba su da lif, sai matakala hawa uku.

Lahadi bayan karin kumallo ku hau jirgin da ke zuwa tashar Charing Cross ta Landan, ku sauka Battle, kwata ɗaya ne. Yaƙin da ake kira na Hastings a nan aka yi shi, ba a Hastings ba, ranar 14 ga Oktoba 1066, inda William na Normandi ya ci Sarki Harold ya karɓi Ingila. William ya sa aka gina gidan ibada a wurin, akwai dutse a ƙasa da ke nuna inda aka ce Harold ya faɗi. Fili ne kore da tumaki, sai an ba ka labari kake ganin abin da ke cikinsa, don haka ku karɓi na'urar saurare da suke bayarwa. Daga nan jirgi ɗaya ne har Landan.

Na san za ki ce ina fararen duwatsun Dover. Ki ba Dover ranarta daban, don fadar kaɗai wuni take ci. Henry na Biyu ne ya gina babban ginin tsakiya a shekarun 1180, a harabar akwai hasumiyar haska wa jirage tun ta zamanin Rumawa, a ƙarƙashin dutsen kuma hanyoyi ne da aka haƙa, inda aka tsara kwaso sojoji sama da 338,000 daga Dunkirk ta Faransa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga tashar Dover Priory ku ɗauki tasi, hawan ba na ƙafa ba ne. A kan duwatsun, idan gari ya washe, ana hango Faransa, mil 21 ne kawai, har wayarki na iya kama layin can, to ki kashe roaming, wato kama layin wata ƙasa, kada a caje ki. Dutsen alli ne, bakinsa na zaftarewa, ba shinge, a riƙe hannun yara. In kun je sai ku haɗa da Deal, mai fadar da Henry na Takwas ya gina a 1539 zuwa 1540, gari ne shimfiɗaɗɗe da ba hawa. Margate kuwa ta masu son yashi da lilo ce. Idan za ku yi Battle da Dover da Deal duk a bana, ku lissafa kuɗin zama mamba na English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, don duk ukun a hannunsu suke.

Maganar abinci. Kifi da soyayyen dankali ne abin ci a nan, amma ki yi tambaya biyu kafin ki biya: ko da giya a kwaɓin fulawar, kuma da wane mai ake suya. Wasu na sa giya, wasu na suya da kitsen shanu, wasu kuma mai ɗaya suke tsoma kifi da tsiran alade. Ba sa jin haushin tambaya, sun saba. Karin kumallon otal rabinsa alade ne, ki ce na marasa cin nama kuke so, a kawo ƙwai da wake da burodi. Hajiya kuwa, ki dafo mata abin da ta saba a kula, da yaji a jaka da shayi a fulas, don abincinsu lami zai yi mata. In kuna ci a waje ku rufe takardar, fararen tsuntsayen tekun nan fauce abinci suke daga hannu kamar shirwa, kuma yara suka fi raina wa.

Kada ranar da kike gani a Landan ta ruɗe ki. Iskar bakin teku na shiga ƙashi ko a Mayu. Kowa da rigar sanyi mai tare iska, Hajiya da safa da mayafi mai kauri, hijabi a sa masa fil. Bakin tekun Hastings tsakuwa ne, ku zo da abin shimfiɗa. Ki sa ƙaramar buta ko gora a jaka, banɗakunansu ba ruwan tsarki. Alƙibla kudu maso gabas take, magariba kuma sai wajen ƙarfe tara, saboda haka kuna da yini mai tsawo.

A kan tikiti, ki yi katin rangwamen jirgin ƙasa na Family & Friends, yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin ɗari, 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kyauta ne. Tunda ta St Pancras za ku tafi ku dawo ta Charing Cross, ki gaya wa mai sayar da tikiti hanyar gaba ɗaya, don na jirgi mai gudu kuɗinsa daban. Ranar Alhamis ki duba shafin National Rail na jadawalin jiragen ƙasa, domin a ƙarshen mako suke gyaran layi, su maye jirgi da bas, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. In gyaran ya faɗa layin Ashford, sai ku juya tsarin, ku fara da Battle da Hastings ranar Asabar, Rye ta zama ta Lahadi. Manyan kantuna kuma awa shida kawai suke buɗewa ranar Lahadi, yawanci ƙarfe huɗu sun rufe, don haka ruwa da madarar yara ki saya tun Asabar. Ki faɗa min shekarun yaran da ko Hajiya na iya doguwar tafiya, sai in gaya miki wace unguwa ta fi dacewa ku kama ɗaki.