Hoton zuciyar Baba ya fito lafiya, amma tafiya kaɗan sai haki

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina ya yi shekaru yana fasa dutse, ya kuma taɓa yin tarin fuka. A asibiti nan Garwa an ce huhunsa ya yi tabo. Hoton zuciya ya fito lafiya, amma daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu, zuciyarsa na dukan uku-uku. Mu hana shi fita ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku hana shi fita. Zaman wuri guda zai narkar masa da ƙarfin ƙafafu, hakin ya ƙaru.

Hoton nan yana kwance aka ɗauka, shi kuwa ciwon sai an motsa yake nuna kansa. Mutum na hutawa, zuciyarsa na tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya. Lafiyayyen matashi mai gudu yakan kai lita 20. Duk jinin nan sai ya ratsa huhu, kuma ɓangaren dama na zuciya ne ke tura shi. Naman wannan ɓangaren siriri ne, bai saba kokawa ba, domin lafiyayyen huhu yana buɗe ƙarin ƙananan jijiyoyi da zarar jini ya ƙaru. Tabo kuwa ya kashe wasu jijiyoyin, ya sandarar da saura. Kamar ruwan damina ne ya taso ya tarar an toshe rabin magudanan unguwa.

Ga kuma ƙarancin iska: jinin na wucewa da sauri ta bangon da ya yi kauri, bai ɗebi isasshen oksijin ba, ƙarancinsa kuma yana ƙara tsuke jijiyoyin huhu. Da zuciya ta kasa ƙara yawan jinin kowane bugu, sai ta yawaita bugun. Abin da Baba ke ji ke nan. In ya daɗe a haka yakan zama hawan jinin huhu, wanda na'urar awon jini ta hannu ba ta nunawa.

Ku roƙi likitansa a yi masa gwajin tafiyar minti 6, da ɗan abin awon oksijin a yatsa. Idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 88 cikin ɗari, a yi maganar ba shi ƙarin oksijin lokacin motsi. A duba ƙarancin jini, a sake gwada majina, don ƙurar dutse na buɗe wa tarin fuka ƙofar dawowa.

Ya riƙa tafiya da sanyin safiya, takun da zai iya magana a cikinsa, ya huta in ya gaji. Lokacin hazon hunturu ya sa takunkumi, a nisanta shi da hayaƙin murhu. Amma in kun ga kumburin ƙafa, jiri, suma, ciwon ƙirji, ko leɓensa ya yi shuɗi, a kai shi asibiti a ranar.