Batirin injin huda: a cika shi ko a zuƙe shi kafin ajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Zariya, ina da injin huda mai batir 18V, da batir biyu. Duk damina nakan rufe shago in tafi gida noma, wajen wata huɗu. Bara da na dawo, ɗaya ya ƙi karɓar caji sam. Wani ya ce a riƙa zuƙe wutar tas kafin a ajiye. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan shawarar ta zamanin tsofaffin batura ce, masu nikel da kadmiyam. Naka na litiyam ne, kuma zuƙewar nan ce ma take kashe shi.

Cikin wannan baƙin akwatin akwai ƙananan batura biyar a jere, kowanne volt 3.6, su ne suka haɗa 18. Ko ba a taɓa su ba, wutarsu tana tsiyayewa a hankali. In ka ajiye shi fanko, kafin ka gama girbi ɗayansu ya faɗi ƙasa da volt 2.5, caja ta ga haka ta ƙi shi. Ina kyautata zaton abin da ya sami naka ke nan. Cika shi fal a bar shi watanni ma yana tsufar da shi. Ka bar shi a wajen rabi, fitila biyu cikin huɗu masu nuna yawan caji in yana da su, ka cire shi daga jikin injin da kan caja.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka ajiye shi. Shagon kwano a rufe da rana tsaka tanderu ne, zafi kuwa shi ne babban maƙiyin litiyam. Ka tafi da su gida, ka sa a ɗaki mai sanyi inda danshi ba ya kai, kowanne a jakarsa. Kada ka jefa su akwatin ƙusoshi. Ƙusa ɗaya ta haɗa bakin ƙarfen nan biyu na batirin, sai hayaƙi. Bayan wata biyu ka danna maɓallin duba caji, in ya sauka ka ɗan ƙara masa.

Shi kuwa wanda ya mutu, kada a yi masa dabarar jona shi da batirin mota. In ya kumbura ko yana wari, fitar da shi waje nesa da katako da dusar zarto.