Abin da ya sa ba mu yi murna da kisan Fortuyn ba

Yaya, kun tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan Holan ba ma yabon wanda ya harbe Pim Fortuyn, alhali ya ce don kare Musulmi ya yi.

Fortuyn ɗan siyasa ne mai kaifin harshe. Ya ce ƙasar ta cika, a rufe ƙofa ga baƙi, ya kuma kira Musulunci al'adar da ta ci baya. Maganganunsa sun yi mana ciwo ƙwarai. Ranar 6 ga Mayun 2002, saura kwana 9 zaɓe, ya fito daga hira da gidan rediyo a garin Hilversum, wani Bature mai fafutukar kare dabbobi, Volkert van der Graaf, ya bindige shi a wurin ajiye motoci. Da yammacin nan wayoyinmu ba su huta ba, kowa addu'arsa ɗaya: Allah ya sa ba namu ba ne. Mata suka hana yara fita. Sai da aka tabbatar ɗan ƙasa ne hankali ya ɗan kwanta.

To me ya biyo baya? Jam'iyyar Fortuyn, wadda ko shekara ba ta yi ba, ta samu kujeru 26 cikin 150 na majalisa. Sauran jam'iyyu suka ga inda ƙuri'a take, suka ari bakinsa. Daga 2006, wanda zai ɗauko matarsa daga gida sai ta fara cin jarrabawar harshen Holan a ofishin jakadanci. Makashin an yanke masa shekara 18, ya fito a 2014. Mu da aka ce an yi dominmu, har yau muna biyan bashin, ga jam'iyyar Geert Wilders, wani ɗan siyasa mai adawa da Musulunci, ta samu kujeru 37 a 2023.

Kuma ko da kisan ya amfane mu, rai ne aka ɗauka ba bisa haƙƙi ba, addininmu bai yarda da wannan ba.

Shi ya sa dattawanmu na Amsterdam, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, kan tsayar da samari bayan Juma'a su ja musu kunne: wanda ya zage ku a talabijin, ku amsa masa ranar zaɓe. Nan ko ba ka da fasfo ɗin ƙasar, in ka shekara 5 da takardun zama, kana da ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma. Da azumi kuwa muna gayyatar maƙwabta Turawa buɗa-baki, su zauna su ci da mu, su tambayi duk abin da ke ransu.

A gaida Inna da yara.