Na yi kwas ɗin farfaɗo da mara lafiya, amma ranar da aka buƙace ni sai na rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Zariya. Wata takwas da suka wuce na yi kwas na kwana biyu kan farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, wato CPR. Na ci jarrabawa, aka ba ni satifiket mai aiki har shekara biyu. Makon jiya ina aikin dare wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi. Na ɓata lokaci ina laluben bugun jijiya, na kasa tuna ko sau talatin ake danna ƙirji ko sha biyar, jakar iska kuma ta ƙi zama a fuskarsa. Allah ya yi masa rasuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Ni ce ban iya ba, ko haka abin yake? In sake biyan kuɗin wani kwas ne? (Daga wata nas, Tudun Wada, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam Sista. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, ke kuma ya ba ki ladan ƙoƙarin da kika yi. Kada ki ɗora wa kanki rasuwarsa. Ko a asibitocin Amurka, inda kayan aiki ke kusa da kowane gado, cikin manya huɗu da zuciyarsu ta tsaya a asibiti kusan ɗaya ne kawai ke komawa gida da rai. Amma tambayarki tana kan hanya, domin abin da ya same ki sananne ne, kuma yana da magani.

Shekara biyun da ke jikin satifiket ɗinki wa'adin takarda ne. Hannu ba ya riƙe abin da ya koya har tsawon haka. Binciken da aka yi ta maimaitawa a kan nas-nas da likitoci da ɗaliban lafiya ya nuna ƙwarewar danna ƙirji da hura iska tana fara zubewa tun daga wata uku zuwa shida bayan horo. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, wadda kwasa-kwasai da yawa da ake yi a Najeriya ke bin tsarinta, ita da kanta ta ce a jagororinta na 2015 tazarar shekara biyu ta yi yawa, a na 2020 kuma ta ba da shawarar a riƙa yin gajerun atisaye a tsakani. Saboda haka a wata na takwas kina daidai lokacin da ake sa ran hannu ya yi sanyi.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne ilimin da ke kai ya fi na hannu daɗewa. In aka ba ki takardar jarrabawa yau, wataƙila ki ci. In aka ajiye miki mutum-mutumin roba aka ce bismilla, nan ne za a ga dannawa ba ta kai zurfi ba, ko kina jingine a kan ƙirjin ba ki barin ya dawo, ko kina tsayawa da yawa. Mutum yana jin ya iya, alhali hannunsa ya riga ya manta. Mu a Zariya ba sai an yi mana dogon bayani ba: mahaddaci komai ƙarfin haddarsa, in ya bar tilawa wata shida, ranar da aka tura shi limanci sai ya ji aya tana kuɓuce masa. Ga shi kuma a yawancin ɗakunan kwanciya ana iya yin watanni ba a yi CPR ko sau ɗaya ba, sa'annan ranar da za a yi, ana yi ne cikin firgici, 'yan uwa suna salati a bakin ƙofa, wani lokaci da hasken tocilan waya.

Bari in bi abubuwa ukun da suka ba ki wahala, don su ne suka fi saurin zubewa ga kowa.

Laluben jijiya shi ne babban mai cin lokaci. Ƙa'ida ita ce ki bubbuga kafaɗarsa ki kira shi, ki ƙwala kiran taimako, sa'annan ki duba numfashi da bugun jijiyar wuya a lokaci guda, kada ya wuce daƙiƙa 10. In daƙiƙa goman nan sun cika ba ki tabbatar da bugu ba, ki fara dannawa. Illar danna ƙirjin wanda zuciyarsa ke bugawa kaɗan ce in aka kwatanta da illar jinkiri, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar jini. Ki lura da kakarin nan da mutum kan yi a mintocin farko, ya buɗe baki ya ja iska sau ɗaya, ya yi shiru, ya sake ja. Wasu su ce ai yana numfashi, wasu su ce ai ya cika, dukansu su tsaya kallo. Wannan kakarin alama ce ta zuciya ta tsaya yanzu-yanzu, kuma lokacin ne dannawa ta fi amfani.

Lissafin kuwa, ga babba talatin ne da hura iska biyu, ko ke kaɗai ce ko ku biyu ne. Sha biyar da biyu na yara ne idan masu ceto biyu ne, shi ya sa lambobin suka cakuɗe miki. Gudun dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfi santimita 5 zuwa 6, a tsakiyar ƙirji kan rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, gwiwar hannu a miƙe, nauyin jikinki ne ke aiki. A kan katifa mai laushi wani ɓangare na ƙarfinki katifar ce ke shanye shi, don haka a cusa katako a bayansa in akwai. Kuma ku riƙa karɓar juna duk minti biyu, ko da mai dannawa ya ce bai gaji ba, don dannawar tana raguwa tun kafin shi ya ji gajiyar.

Jakar Ambu, wato jakar iskar da kika ambata, ita ce mafi wuya a hannun mutum ɗaya, har ga waɗanda suka daɗe a tiyata, musamman a fuskar dattijon da ba shi da haƙora, kumatu sun faɗa. In ku biyu ne a wurin kai, ɗaya ya riƙe marufin fuskar da hannu biyu yana ɗago haɓa, ɗayan ya matsa jakar na daƙiƙa ɗaya, daidai yadda ƙirji zai taso. In iskar ta ƙi shiga bayan gwaji biyu, a koma dannawa.

To, batun sake biyan kuɗin kwas. Ni ban ga laifin sabunta satifiket in lokacinsa ya yi ba, amma ba shi zai warware matsalarki ba, don bayan wata shida nan za ki sake dawowa. A wani gwaji da aka yi a Kanada aka wallafa a 2019, an raba nas-nas rukuni-rukuni: wasu suna ɗan atisaye a wurin aikinsu kowane wata, wasu duk wata uku, wasu shida, wasu sau ɗaya a shekara. Da aka auna su bayan shekara, kashi 58 cikin 100 na masu yi kowane wata sun yi CPR mai inganci sosai, masu yi sau ɗaya a shekara kuwa kashi 15 ne kacal. Atisayen nan na 'yan mintoci ne.

Misalin da ya fi kama da halinmu daga Tanzaniya yake, a asibitin Haydom da ke karkara. An yi wa ungozomomi kwas na yini ɗaya kan taimaka wa jariri ya yi numfashi. Sun ƙware a kan jaririn roba, amma a ɗakin haihuwa aikin bai canza ba. Sai aka ajiye jaririn robar a cikin ɗakin haihuwar, aka mayar da atisaye gajere kuma akai-akai. Mutuwar jarirai a sa'o'i 24 na farko ta sauko daga kusan 11 zuwa kusan 7 cikin kowace haihuwa 1,000. 

Shawarata ita ce ki sami shugabar sashenku ku tsayar da rana ɗaya a wata, a lokacin miƙa aiki da safe, sa'ad da masu dare da masu safe duk suna nan. Minti goma ya isa. Kowa ya danna na minti biyu, wani yana riƙe da agogo, wani ya durƙusa a gefe yana kallon zurfi da dawowar ƙirji, yana gyara wa mai yi nan take. Gyaran nan shi ne ruhin abin, domin wanda ke maimaita kuskure ba mai faɗa masa, kuskuren yake haddacewa. Akwai manhajojin waya na kyauta masu buga ƙara a kan ƙa'ida. A sa 110 a minti a bi. A saka masu shara da masu tura keken marasa lafiya da masu gadi a cikin atisayen, don sau da yawa su ne a kusa idan mutum ya faɗi a baranda. Mutum-mutumin yana da tsada, na sani, amma Zariya gari ne mai makarantun koyon jinya da asibitin koyarwa a Shika, kuma hukumar asibitinku za ta iya rubuta takardar neman aro ko ta sayi mai sauƙin kuɗi wanda ke yin ƙas idan an kai zurfin da ake so. Kafin a samu, ko a kan naɗaɗɗiyar katifa mai tauri ana iya koyon tsayuwa da gudu da lissafi. Kada dai a gwada dannawa a ƙirjin mai rai.

Sau ɗaya a wata uku kuma ku yi na ba-zata. A kwantar da robar a kan gado, a ƙwala kira, a duba agogo: daƙiƙa nawa kafin hannu ya hau ƙirji, minti nawa kafin jakar Ambu ta iso. A nan ne ake gano marufin fuska na manya ya ɓace, ko mabuɗin kabad ɗin gaggawa yana aljihun wanda ya tafi masallaci, ko na'urar girgiza zuciya da wutar lantarki, in kuna da ita, batirinta ya mutu. Irin waɗannan ba kwas ɗin da zai nuna muku su, sai an gwada a ɗakin da kuke aiki.

Game da daren nan kuma, ku zauna da waɗanda kuka yi aikin tare, ku bi abin da ya faru daki-daki ba tare da neman mai laifi ba, ku rubuta abu biyu ko uku da za a gyara kafin ƙarshen wata. In kuma kika ga abin yana hana ki barci ko yana sa ki fargabar aikin dare har bayan makonni, ki yi magana da likitan da kika amince da shi.