Robar riƙe waya a mota ta daina kamawa

Tambaya: Malam, na sayi robar nan mai danƙo da ake shimfiɗawa a gaban mota a ɗora waya. Mai shago ya ce fasahar ƙafar tsaka ce. Da farko tana riƙe wayar gam, yanzu da na sha kwana sai ta zame. Wayar ƙanena kuwa tun robar tana sabuwa ba ta taɓa kama ta ba. Ta lalace ke nan?

Amsa: Ba ta lalace ba, ɗan'uwa, ƙura ce ta rufe ta.

Tsaka ba ta da gam a ƙafa. Ƙarƙashin yatsunta akwai siraran gasu masu ɗimbin yawa, kowanne ya rabu zuwa ɗaruruwan rassa, faɗin bakin kowane reshe kusan nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Rassan suna lafewa a jikin bango sosai, har wani ɗan ƙarfin ja da ke tsakanin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, wanda ake kira van der Waals, ya soma aiki. Kellar Autumn da abokan aikinsa a Amurka suka kawo hujjar hakan a 2002, kuma a 2003 Andre Geim na Jami'ar Manchester ya ƙera tef mai irin waɗannan gasu.

Yawancin robobin kasuwa ba su da gashin, da wata irin roba mai laushi ƙwarai da ake kira poliyuretan aka yi su. Laushin ke sa ta kwanta a jikin waya ba tazara. Idan ƙurar hunturu ko maiƙon hannu ya shiga tsakani, tazara ta dawo, kamu ya tafi. Ka wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, ka bar ta ta bushe da kanta. Kada ka goge da tsumma, zarensa zai maƙale.

Wayar ƙanenka, ka duba bayanta. In mai kaushi ne, ko rigarta mai zanen ƙuraje ce, robar tana taɓa tudun ne kawai, ba ta kai wa kwarin. Wasu gilasan bayan waya kuma an shafe su da sinadari mai fulorin don hana shatin yatsa, kuma irin wannan shafi ba ya son komai ya manne masa. Ita kanta tsaka tana shan wahala a kan Teflon, shafin da ke hana abinci kamawa a kasko, ɗan'uwan wannan sinadari. Sai ƙanenka ya saka wa wayar riga mai sulɓi ta roba mai tauri.

Ina roƙonka kada ka bar robar da waya a rana cikin rufaffiyar mota. Zafi na sassauta robar, yana kuma cin batir.