Game da hotunan fitilun neon na Fred Herzog

Malam, ka tambaya ko hoton da aka ɗauka a shekarun 1950 amma aka buga kwanan baya yana da daraja wurin masu tara kayan fasaha. A ganina, na mai ɗaukar hoto Fred Herzog suna da ita ƙwarai. Ya ɗauki hotunan fitilun neon (fitilun talla masu launi) na titin Granville a Vancouver ta Kanada da fim ɗin Kodachrome, wanda a wancan zamanin fitar da launinsa a takarda yake da wuya da tsada, shi ya sa sai a 2007 aka yi babban baje kolin aikinsa. Kafin ka saya, ka tabbatar da sa hannunsa da adadin kwafin da aka buga, tunda ya rasu a 2019.